Abdou Moumouni Dioffo: Masanin fiziks ɗan Tasawa da ya nemi Sahel ta ci gajiyar ranarta

Duk wanda ya san babbar jami'ar Jamhuriyar Nijar da ke Yamai ya san sunan Abdou Moumouni, domin shi ne sunan da take ɗauke da shi tun 1992. Amma ba kowa ne ya san aikin da ya jawo wa mutumin wannan karramawa ba. Masanin kimiyyar fiziks ne, malamin makaranta, kuma ɗan gwagwarmayar neman 'yancin kai, wanda ya shafe kusan shekara talatin yana binciken yadda ƙasashen Sahel za su mayar da zafi da hasken rana makamashin da zai ɗago ruwa daga rijiya, ya dafa abinci, ya haskaka gidaje.

Ya rasu a 1991, tun kafin farantan sola su cika rufin gidaje da shaguna daga Agadas har Kano. Sai dai tambayar da ya bari tana nan daram: ƙasashen da Allah ya hore wa rana, su za su riƙa ƙera na'urorin cin gajiyarta, ko kuwa saye kawai za su riƙa yi daga hannun wasu?

Daga Tasawa zuwa Paris

An haifi Abdou Moumouni Dioffo ranar 26 ga Yunin 1929 a Tasawa, tsohon garin Hausa da ke tsakanin Maraɗi da Damagaram. Asalin gidansu Zabarmawa ne na Kirtashi, a gaɓar kogin Neja. Ya yi firamare a Damagaram, ya ci gaba a Yamai, sannan aka tura shi Senegal, makarantar William Ponty.

A wancan zamani wannan makaranta ce ƙololuwar abin da mulkin mallakar Faransa ya tanadar wa 'yan Afirka ta Yamma. Daga cikinta ake fitar da malamai da akawuna da mataimakan likitoci, wato ma'aikatan da za su taya Bature tafiyar da mulki. Ta yaye mutanen da suka zama shugabannin ƙasa daga baya, irin su Diori Hamani na Nijar, Modibo Keita na Mali da Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa. Ba a gina ta don yaye masana kimiyya ba.

Abdou Moumouni bai tsaya inda tsarin ya so ya tsaya ba. Ya zauna jarrabawar kammala sakandare irin ta Faransa a Dakar, ya wuce Paris, inda ya shiga ajin share fage na makarantar Saint-Louis, wadda ta shahara wajen horar da ɗaliban lissafi da kimiyya. Ya samu digirin farko a fiziks a 1953, ya ƙara da babbar difloma a 1954. A 1956 ya ci jarrabawar da Faransawa ke kira agrégation, gasa mai tsanani da ake zaɓen manyan malaman ƙasar da ita. Ana lissafa shi a matsayin na farko daga ƙasashen Afirka baƙar fata rainon Faransa da ya ci ta a fannin fiziks.

Zamansa a Faransa bai taƙaita ga aji ba. A 1950 ɗaliban Afirka suka yi taron share fage a birnin Lyon, sannan suka sake haɗuwa a Bordeaux a ƙarshen shekarar, inda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata da ke Faransa, wato FEANF. Yana cikin waɗanda suka kafa ta. Ƙungiyar ta zama ɗaya daga cikin muryoyin da suka fi kaifi wajen neman cikakken 'yancin kai, a lokacin da manyan 'yan siyasar Afirka da dama ke ganin zama ƙarƙashin inuwar Faransa ya fi sauƙi.

Shekarun da kimiyyar rana ta rabu gida biyu

Shekarun da ya yi yana karatu sun zo daidai da wani babban sauyi a fiziks. A 1947 masana a ɗakin binciken Bell na Amurka suka ƙirƙiro taransista, 'yar ƙaramar na'urar da rediyo da kwamfuta da wayar salula suka dogara a kanta. A 1948 wasu Jamusawa biyu, Herbert Mataré da Heinrich Welker, suka ƙera irinta a Aulnay-sous-Bois, kusa da Paris. A cikin Paris kuwa, Pierre Aigrain ya kafa rukunin masu binciken waɗannan abubuwa a makarantar École Normale Supérieure.

Sirrin duka yana cikin wasu ma'adinai da ake kira samikwandakta. Tagulla tana barin lantarki ya bi ta cikinta ba wahala. Gilashi da roba suna tare shi gaba ɗaya. Samikwandakta kuwa tsaka-tsaki ne, kuma ana iya sarrafa halinsa. Fitacce a cikinsu shi ne silikon, wanda ake tacewa daga ma'adinin da ke cikin yashi da farin dutse. Idan aka gauraya wani ɓangarensa da ɗan mitsitsin sinadarin fosfaras, wani ɓangaren kuma da boron, sai mahaɗar ɓangarorin biyu ta zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe guda. Haske yana sauka a kanta, ya tunkuɗe ƙwayoyin lantarki daga mazauninsu, mahaɗar ta kora su waje ɗaya, sai wuta ta gudana a cikin waya.

Wani Bafaranshe, Edmond Becquerel, shi ya fara lura a Paris tun 1839 cewa haske na iya haifar da lantarki. Amma sai a 1954 masanan Bell suka fito da ƙwayar sola ta silikon mai amfani, wadda ke mayar da kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta zuwa wuta. Tsadarta ta sa a farko sai taurarin ɗan'adam ake saka wa, kamar Vanguard 1 da Amurka ta harba a 1958.

Hanya ta biyu ita ce ta zafi. A kudancin Faransa, a garin Mont-Louis, Félix Trombe ya gina tanderun rana a 1949, inda madubai ke tattara haske wuri ɗaya har zafinsa ya narkar da ƙarfe. Wannan hanya ba ta buƙatar tataccen silikon. Madubi, gilashi, bututu da farantin ƙarfe sun isa. Tsakanin waɗannan hanyoyi biyu Abdou Moumouni zai yi zaɓin da ya siffanta rayuwarsa ta bincike.

Dakar, Konakiri, Mosko, Bamako

Da takardar da ya samu, zai iya zama a Faransa ya yi koyarwa cikin rufin asiri. Sai ya koma Afirka, ya fara koyarwa a Dakar. A 1957 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a garin Thiès na Senegal, jam'iyya mai ra'ayin gurguzu da ta fito fili tana neman 'yancin kai nan take.

Ranar 28 ga Satumban 1958 Janar de Gaulle ya gabatar wa ƙasashen da Faransa ke mulka ƙuri'ar raba gardama. Gini kaɗai, ƙarƙashin Sékou Touré, ta zaɓi ballewa. Faransa ta kwashe ma'aikatanta da malamanta cikin fushi, makarantu suka zama babu masu koyarwa. Wasu masana 'yan Afirka suka bar ayyukansu suka tafi Konakiri cike gurbin, cikinsu har da masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo da Abdou Moumouni. Daga baya ya koyar a Yamai.

A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda ya zurfafa bincike kan makamashin rana ƙarƙashin Cibiyar Kimiyya ta ƙasar. A 1964 ya sauka a Bamako, ya koyar a babbar makarantar horar da malamai, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na Mali. A shekarar ce mujallar Présence Africaine ta Paris ta buga maƙalarsa kan makamashin rana a ƙasashen Afirka. A 1967 ya kammala babban digirinsa na dakta a Paris. Binciken da ya yi a wannan lokaci ya shafi madubai masu lanƙwasa da yadda suke tattara hasken rana wuri guda.

Littafin da ya ƙalubalanci makarantar Bature

A 1964 ɗin dai kamfanin ɗab'i na Maspero a Paris ya fitar da littafinsa mai suna L'Éducation en Afrique, wato Ilimi a Afirka, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1968. Mai karatu zai iya mamakin abin da ya haɗa masanin fiziks da littafin ilimi. A wurinsa abu ɗaya ne.

Littafin ya bayyana yadda tarbiyyar gargajiya ke haɗa koyo da aiki, yaro yana koyon noma ko ƙira ko saƙa a cikin al'ummarsa. Ya nuna yadda makarantar mulkin mallaka ta raba yaro da harshensa da sana'ar iyayensa, ta mayar da shi mai jiran aikin ofis. Ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu na gida, a kuma ba kimiyya da fasaha babban matsayi, domin ƙasar da ba ta da injiniyoyi da ƙwararrun masu aikin hannu, 'yancinta na tuta ne kawai.

Har yau masu nazarin ilimi a Afirka suna komawa ga wannan littafi. A Nijar kanta, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a Damagaram a 1973, garin da shi ya fara karatu da Faransanci zalla.

Shekara goma sha shida a ONERSOL

A 1969 ya dawo gida, aka damƙa masa shugabancin hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, wadda aka kafa a 1965. Ya riƙe ta har 1985.

Lokacin ya zo da abubuwan da suka gaskata hangensa. Fari mai tsanani ya afka wa Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe. A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Ga ƙasar da ba ta da teku, wadda kowace gangar mai sai ta bi doguwar hanya ta ƙasa kafin ta iso, wannan babban nauyi ne. Mafi yawan gidaje kuwa da itace suke girki, dazuzzukan da ke kewaye da garuruwa suna ƙarewa, hamada tana matsowa.

Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce. Kowace murabba'in mita ta ƙasar Nijar tana karɓar makamashin rana da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7 a yini. Babu wanda zai ƙara wa wannan arziki farashi ko ya rufe masa iyaka. Abin da ya rage shi ne na'urar da za ta kama shi, da kuma hannun da zai ƙera ta. A 1973 hukumar UNESCO ta shirya babban taro a Paris kan amfanin rana ga ɗan'adam, alamar cewa duniya ta fara sauraron irin maganar da ya daɗe yana yi.

A ƙarƙashinsa ONERSOL ta zama ɗakin bincike kuma masana'anta. An ƙera na'urorin dumama ruwa da rana, na tace ruwa ta hanyar tururi, murhunan girki da na'urorin busar da amfanin gona. An yi aiki tare da wani kamfanin Jamus kan injin da zafin rana ke juyawa. An auna ƙarfin rana a yanayin Sahel, maimakon dogaro da alƙaluman da aka tattara a Turai. An kuma horar da matasa injiniyoyi da masu walda da haɗa ƙarfe.

Me ya sa ya fi karkata ga zafi, alhali ya san kimiyyar silikon? Amsar tana cikin lissafin zamanin. A shekarun 1970 kowane wat ɗaya na ƙwayar sola yana cin gomman daloli, kuma tace silikon aiki ne na manyan masana'antu masu cin wuta da jari mai yawa. Farantin ƙarfe, gilashi da bututu kuwa, maƙerin Yamai zai iya yanka su, ya haɗa, ya gyara idan sun lalace. Zaɓinsa ya dace da aƙidarsa: fasahar da mutanen gari za su iya riƙewa da hannunsu.

Duk da haka Nijar ba ta kasance baƙuwa ga farantan silikon ba. Shirin koyar da yara ta talabijin da aka fara a 1964 da taimakon Faransa ya buƙaci wuta a makarantun da babu lantarki, don haka tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara gwada farantan sola a kan akwatunan talabijin na makarantu. Wannan ya sa ƙasar cikin wuraren farko a duniya da aka yi amfani da fasahar a doron ƙasa don buƙatar yau da kullum. A Mali ma, daga ƙarshen shekarun 1970, famfunan ruwa masu farantan sola suka fara bayyana a ƙauyuka.

Jami'a, da lokacin da iska ta juya

A 1979, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai, wadda a lokacin ba ta cika shekara goma ba. Ya riƙe muƙamin har farkon shekarun 1980, ba tare da ya saki ONERSOL ko ajin fiziks ba.

Daga nan al'amura suka juya. Kuɗin yuraniyom na Arlit, wanda ya ɗauki nauyin ayyukan gwamnati a shekarun 1970, ya ragu sosai da farashinsa ya faɗi. Matakan tsuke bakin aljihu suka biyo baya, kuma bincike na cikin abubuwan da aka fara rage wa kaso. A 1986 farashin mai ya karye a duniya, ƙasashe masu ba da tallafi suka janye hankalinsu daga makamashin rana. Ita kuwa Yamai, tun tsakiyar shekarun 1970 take samun wuta mai rahusa daga madatsar Kainji ta Najeriya ta layin Birnin Kebbi. Masana'antar ONERSOL ba ta samu kasuwa da jarin da za su ɗore da ita ba.

Abdou Moumouni ya ci gaba da koyarwa a tsangayar kimiyya har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilun 1991, yana da shekara 61, watanni kaɗan kafin babban taron ƙasa da ya buɗe wa Nijar ƙofar mulkin jam'iyyu da yawa.

Abin da ya bari

Idan aka auna da na'urori, tarihi ya bi hanyar da bai fi ba ƙarfi ba. Silikon ne ya yi nasara. Farashin faranti ya faɗi daga gomman daloli zuwa ƙasa da rabin dala a kowane wat, kuma farantan yau suna mayar da fiye da kashi 20 cikin 100 na haske zuwa wuta. Manomin rani a Maraɗi ko Jigawa yana ban ruwa da famfon sola, mai shago yana sanyaya ruwa, asibitin ƙauye yana adana allurar rigakafi. A 2018 aka buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza, a 2023 kuma mai megawat 30 a Gorou Banda, kusa da Yamai.

Amma idan aka auna da hujjarsa, lokaci ya gaskata shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a ƙarƙashin takunkuman ECOWAS, wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Garuruwa suka shiga duhu na tsawon watanni, tashar Gorou Banda ta zama abin dogaro. Hausawa na cewa kayan aro ba ya ado. Har yanzu kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar.

Su ma farantan da ke kawo sauƙin, daga waje suke zuwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙirarsu a duniya a Sin ake yi. Kuma akwai matsalolin da sai mai zaune a Sahel zai san zafinsu. Ana auna ƙarfin faranti ne a yanayin digiri 25, alhali a tsakiyar bazara farantin da ke kan rufi yana zarce haka nesa ba kusa ba, kuma silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri na ƙari. Ƙurar hunturu tana rufe fuskar faranti, zafi yana gajarta rayuwar batir. Waɗannan tambayoyi ne na kimiyyar samikwandakta a yanayin gida, irin waɗanda ya dage cewa masanan yankin ne ya kamata su amsa.

A nan tasirinsa ya fi bayyana. Hukumar da ya jagoranta ta sauya suna amma ba ta mutu ba. Ɗalibansa sun zama malamai da injiniyoyi, su ma sun yaye wasu. A ƙetaren iyaka, Najeriya ta kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato a 1982, wadda ita ma ta mayar da hankali kan rana. Matasan da ke girka sola da gyara ta a Yamai, Damagaram, Katsina da Kano sun zama rundunar masu sana'ar da ya yi ta kira a samar.

Abin da bai samu ba tukuna shi ne mataki na gaba: jarin bincike mai ɗorewa, masana'antun da za su ƙera wani ɓangare na kayan a gida, da makarantun da za su koya wa yaro yadda haske ke zama wuta a cikin harshen da yake tunani da shi. Waɗannan abubuwa uku ya nema tun 1964, kuma gwamnatocin yankin ne ke da ikon samar da su.